Ma'aunin Girma da Aminci a Ƙananan Kamfanonin Inshora: Darasi ga Manoman Kangire

Gabatarwa

Kangire, a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, gari ne na manoma da 'yan kasuwa. Ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki a sassan jihar, ta nuna buƙatar inshora a karkara. Sai dai wakilin da ke zuwa ƙauye kan ambaci kamfanin da manomi bai taɓa jin sunansa ba. Wannan muƙala ta nazarci ma'aunan tantance irin wannan kamfani, bisa hujjar cewa girman suna daban, aminci daban.

Ma'aunin Girma

Ana auna girman kamfanin inshora da jarinsa. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 domin sa ido kan harkar, ita ke ba da lasisi. A garambawul ɗin 2007, mafi ƙarancin jari ya koma naira biliyan 2 ga inshorar rai da biliyan 3 ga ta dukiya. Dokar 2025 ta ɗaga su zuwa biliyan 10 da biliyan 15.

Ƙananan kamfanoni masu hidima ga talakawa kuwa, ƙa'idojin 2018 sun kasa su gida uku: na wuri guda da jarin miliyan 40, na jiha da miliyan 100, na ƙasa da miliyan 600. Don haka ƙanƙanta ba aibi ba ce, muddin kamfani bai wuce iyakar lasisinsa ba.

Ma'aunin Aminci

Na farko, sunan kamfani ya kasance cikin jerin masu lasisi da NAICOM ke wallafawa. Na biyu, kadarorinsa su rinjayi alkawuran da ke wuyansa, abin da rahoton kuɗinsa na shekara ke nunawa. Na uku, tarihin biyan diyya: nawa aka nema, nawa aka biya, cikin wane lokaci. Na huɗu, ko kamfanin ya raba nauyin haɗari da wani babban kamfani mai yi wa kamfanoni inshora. Wannan ya fi shafar manoma, domin ambaliya kan afka wa gonakin gari guda a dare ɗaya, kowa ya nemi diyya lokaci guda. Kamfanin da duk abokan hulɗarsa ke yanki ɗaya na iya durƙushewa idan ba shi da wannan madogara.

Ga masu neman tsarin Musulunci, ƙa'idojin takaful na 2013 sun wajabta kwamitin malamai masu duba shari'a, tare da raba asusun masu zubi da na masu kamfani.

Misali

Kamfanin Niger Insurance, wanda asalinsa ke komawa 1962, sananne ne a faɗin Nijeriya. Duk da haka, a watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisinsa tare da na Standard Alliance. Tsufa da shahara ba su cece shi ba.

Kammalawa

Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Manomin Kangire ko na Gwaram na da haƙƙin ganin lasisi da takardar yarjejeniya kafin ya biya ko sisi. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne daidaita kalmomin wannan fage, domin yarjejeniyar da mai ita bai fahimta ba kariyarta ragaggiya ce.