Tufa Mai Suna: Ko Ta Cancanci Kuɗinta?

Karatu: Yaƙub 2:1-9

Kirsimeti ya kusato, hira ɗaya kuwa a ke yi cikin gidajenmu: wace atamfa za a saya, wace shadda za a kai wa tela. Wani ya ce shi in ba Getzner ba, ba ya sawa. Wata ta ce zanen da ba Holan ba, ai ba zane ba ne. Bari mu auna wannan al'amari, mu ji kuma abin da Maganar Allah ta ke koya mana.

1. Abin da mu ke biya

Atamfar da mu ke kira Holan, kamfanin Vlisco ne ya ke buga ta a garin Helmond, ƙasar Holan. An kafa shi a 1846, ya kuwa kwaikwayi rinin kaki na mutanen tsibirin Jawa, a Indonesiya. Fuska biyu a kan buga zanen, shi ya sa ciki da baya launi ɗaya ne. Shaddar Getzner kuma daga Bludenz ta ke, a ƙasar Ostiriya, inda aka kafa kamfanin a 1818. Da zaren auduga mai laushi a ke saƙa ta.

Cikin kuɗin irin wannan tufa akwai abu biyu: kuɗin aiki da kuɗin suna. Kuɗin aiki ba hasara ba ne, gama araha ba ta ado. Turmi ɗaya da zai shekara biyar bai koɗe ba ya fi guda uku masu zuba tun wankin fari.

Amma kuɗin suna dabam ya ke. Suna ba ya rufe jiki, ba ya maganin sanyin hunturu. Domin idon mutane a ke biyansa. Shi ya sa jabu ta cika kasuwa, an buga mata suna a bakin zane. Wanda ya saye ta cikin rashin sani, kallon kitse ya yi wa rogo. Wanda ya sani kuwa ya saya, so ya ke a zaci yana da abin da ba shi da shi.

2. Allah bai hana tufa mai kyau ba

Lidiya, wadda ta ba da gaskiya a Filibi, shunayya ta ke sayarwa, kayan masu dukiya ke nan, ta kuma sauke Bulus a gidanta (Ayyukan Manzanni 16:14-15). Rigar Ubangijinmu Yesu saƙaƙƙiya ce duka, ba ɗinki, har sojoji ba su so su yage ta ba, sai suka jefa ƙuri'a a kanta (Yohanna 19:23-24). Saboda haka kada mu ɗora wa ɗan'uwa zunubi domin shaddarsa mai tsada ce.

3. Inda haɗari ya ke

Akan ya ga alkyabba mai kyau ta Shinar cikin ganimar Yariko, ya yi ƙyashi, ya ɓoye ta, ya jawo wa gidansa hallaka (Joshuwa 7). Gehazi ya yi wa Na'aman ƙarya domin azurfa da riguna biyu, kuturta ta kama shi (2 Sarakuna 5). Laifin ba na riga ba ne, na zuciya ne.

Haka ya ke a yau. Maigida ya kan sayar da hatsi da kaka, lokacin da ba shi da daraja, domin kayan biki. Da damina kuma sai ya sayo shi da tsada. Wani ya kan ci bashi a Disamba, a Janairu a koro yara domin kuɗin makaranta.

Abin da ya fi wannan nauyi, shi ne wanda Yaƙub ya tsauta a kai. Mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa ya shigo taro, aka ba shi wurin zama mai kyau. Matalauci ya shigo, aka bar shi tsaye. Yaƙub ya ce wannan tara ce, zunubi kuwa ne. Mu tuna da gwauruwar da za ta zauna gida ran Kirsimeti domin kunyar tsohon zanenta. Idan adonmu, ko ankon da muka yanka ba mu dubi ƙarfin kowa ba, ya hana ta sujada, lalle tufar nan ta yi tsada ƙwarai.

4. Kafin mu tafi kasuwa

Bari kowa ya tambayi kansa: Ƙarko ni ke biya, ko suna? Da kuɗina zan saya, ko da bashi? Na ajiye abincin iyali, da kuɗin makaranta, da baiko? Wa ni ke so ya gan ni?

Wanda ya amsa waɗannan da zuciya ɗaya, ya saya, ya sa da godiya. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya wanke wadda ya ke da ita, ya zo sujada da farin ciki. Dokas ta Yafa, da rigunan da ta ɗinka aka tuna da ita, gwauraye suka nuna wa Bitrus su suna kuka (Ayyukan Manzanni 9:39). Zumuntar Mata da dattawa su duba tun yanzu, ko akwai wanda ya rasa sutura a cikinmu.