Warin Isansi a Rijiya: A Daina Sha, a Nemi Tankin da Ke Yoyo

Duk lokacin da rijiya ta fara warin isansi a wata unguwa, magana guda ke riga mu isa wurin: wai man fetur ya ɓullo, arziki ya zo. Na gaji da jin wannan zance. Ɗanyen man Nijar yana can Agadem, a zurfin da babu igiyar gugan da za ta kai, kuma sai ya bi bututu zuwa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, kafin ya zama isansi ko gazuwal. Tataccen mai ba ya tsirowa daga ƙasa. In kun ji shi a guga, daga sama ya sauka, kuma galibi tankin gidan mai ne da aka binne ya yi tsatsa ya huje, ko mahaɗin bututu ya saki, ko an yi ambaliya wajen sauke mai daga mota.

Ƙasarmu ta Tasawa da Mayahi jigawa ce. Rairayi ba ya riƙe mai, sai ya zarce har ya tarar da ruwa, ya kwanta a kansa. A kwarin Gulbin Kaba, inda ruwa ya fi kusa da sama, tafiyar gajera ce. Sannan tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cinikin man fasa-ƙwauri na ruwa-ruwa ya ja baya, jama'a suka koma gidajen mai, tsofaffin tankuna na ta shan lodi.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarun da ake yi wa ruwan. Wasu su yaɗe man da ke sama da ƙoƙo su ce ya tsarkaka. Wasu su tace da ƙyalle, wasu su jefa ƙwayar Aquatabs, wasu su bar shi ya kwana a randa har warin ya ragu. Duk aikin banza ne. A cikin isansi akwai sinadarin benzin, wanda ke narkewa cikin ruwa, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ƙyalle ba ya kama shi. Aquatabs ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ruwanta da mai. Tafasawa kuwa tana tura shi cikin iskar madafi ne, mai girki da goyonta su shaƙa.

Ku dubi lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada benzin ya wuce kwatankwacin giram 1 cikin lita 100,000 na ruwan sha. Isansin da ke da benzin kashi 1 cikin 100, wanda shi ne iyakar da Turai ta yarda da ita, lita guda tasa na ɗauke da kusan giram 9. Hancinka ba ya jin benzin a wannan ƙanƙanta, don haka gushewar wari ba shaida ba ce. A 2011 binciken hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, a Ogale, ƙasar Ogoni ta Najeriya, ya samu rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka ƙa'ida sama da sau 900, kuma mutane na sha. Mu a jihar Maraɗi ba ma buƙatar darasi daga nesa: a shekarun baya, ruwan famfon Tibiri garai-garai yake a ido, amma sinadarin fuloraid da ke ciki ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa.

To, me za a yi? A daina sha da girki nan take, kada a ba dabbobi, kada a yi ban-ruwan garka. Kada a tura maginin rijiya yasa, domin tururin mai ya fi iska nauyi, a ƙasan rijiya yake taruwa, yana sumar da mutum. Kada a kusanto da ashana, fitila ko injin jan ruwa. A sanar da mai unguwa da ofishin magajin gari, a kai rubutaccen koke ofishin ruwa da na muhalli na Tasawa ko Mayahi. A nemi ma'aikata su ɗebi ruwan a kwalba cike taf, kuma a faɗa musu ƙarara cewa gwajin mai ake so, don gwajin ƙwayoyin cuta ba zai nuna komai ba.

Ku kuma masu gidan mai, sandar awo na hannunku. Ku riƙa gwama abin da ya shiga tanki da abin da famfo ya sayar kowace rana. Giɓin da ke maimaituwa ba koyaushe satar yaran famfo ba ce. A gwada tankin, in ya huje a zuƙe man, a tone shi tare da gurɓatacciyar ƙasar, a sa sabon tanki mai bango biyu.

Hukumomi ma su ji. Dokar 2018-28 ta tanadi binciken tasirin ayyuka ga muhalli, ga kuma hukumar BNEE mai kula da wannan bincike. Takardar izini ta ranar buɗe gidan mai ba ta hana ƙarfe tsatsa bayan shekara 15. A riƙa zagayawa ana duba tankuna, har da na gidajen man da aka rufe aka bar su a binne, a kuma hana gina rijiya ko foraj dab da su. Mai in ya kai ga ruwan ƙasa, shekaru ake yi ana fama, kuma talakan unguwa ne ke sayen ruwan garuwa kafin nan.