Darasi: Mu nemo tarihi a birnin Damagaram

Ƴan'uwa masu yaƙi da jahilci, da yawa cikinmu sun san Damagaram. Muna zuwa Kasuwar Dole ran Alhamis, mu sai da gujiya ko akuya, mu koma tasha. Amma mutum nawa suka taɓa tsayawa su dubi garin? Ganuwa tana zubewa kowace damina. Tsofaffin da suka san labari suna ƙarewa. Yanzu da muka iya rubutu, aikinmu ne mu rubuta abin da ya saura.

Ga wani wasan nema. Ba a biyan ko dala. Ku haɗu mutum uku ko huɗu, ku ɗauki kaye da bik da goran ruwa, ku fita da sassafe. Akwai kacici-kacici guda biyar. Mutum ɗaya ya karanta, saura su ba da amsa, sa'an nan ku nemo wurin da ƙafarku. In kun ɓace, ku yi sallama ku tambayi dattijo.

1. Ina ne raƙumi yake sauke kaya, baƙo ya zama ɗan gari?

Unguwar Zango ce. Nan ayarin Abzinawa yake sauka da gishirin Bilma. Fataken Larabawa suna zuwa da haja daga Tarabulus, su koma da fatu da gashin jimina, har da bayi, don a zamanin nan ana cinikin mutane. Babban attajirin Zango shi ne Malam Yaro. Aikinku: ku nemo gida mai zane a fuskarsa, ku kwaikwayi zanen cikin kaye.

2. Wane gida ne ya hau dutse yana leƙen gari?

Tsohon barikin Nasara ne. A 1898 aka kashe wani kyaftin na Faransa mai suna Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojan Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, suka ci garin. Suka gina bariki bisa dutse, suka sa masa sunan Kazamaju. Wurin soja ne, ku duba daga nesa. Aikinku: ku rubuta dalilin da ya sa baƙo mai bindiga ya zaɓi bisa dutse.

3. Wace ce ta rungume gari jiya, yau ko akuya tana tsallake ta?

Ganuwar Birni ce. Sarki Tanimun ya sa aka yi ta. Ya yi sarautarsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa maƙera sun ƙera igwa a cikin garin, Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai, ko da yake tana kai gaisuwa Barno. Talakawa ne suka ɗauko ƙasa da ruwa a kai, suka gina ganuwar da hannu. Yau guntaye suka saura. Aikinku: ku nemo guntu ɗaya, ku auna tsawonsa da taki, ku rubuta lambar. Kada ku hau, kada ku ɓanɓare ƙasarta.

4. Wace ƙofa ce kowa yake tuɓe takalmi in ya wuce ta?

Fadar Sarkin Damagaram ce, a tsakiyar Birni. Har yau sarki yana zaune cikinta, yana sasanta mutane. Za ku ga dogarai da jajayen kaya a bakin ƙofa. Ku gaishe su da ladabi, kada ku shiga sai da izini. Aikinku: ku tambayi sunayen sarakuna uku na da, ku rubuta su.

5. Wane ɗaki ne sarki da talaka suke tsayawa sahu ɗaya?

Masallaci ne. Akwai tsohon masallaci kusa da fada. Aikinku: ku duba da me aka gina shi, ku rubuta.

Ku sani, garin nan ya taɓa zama babban birnin ƙasarmu, daga 1911 zuwa 1926. Sa'an nan Nasara suka maida mulki Yamai. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan. In kun dubi manyan duwatsun da gari yake zaune a kai, za ku gane wuyar gina rijiya a nan.

Lissafi
Shekara nawa ke tsakanin 1851 da 1884?
Shekara nawa Damagaram ta yi tana babban birni?

Aikin gida
Wanda bai samu zuwa Damagaram ba, shi ma da aikinsa. Kowane ƙauye yana da tsohuwar rijiya, ko kuka, ko kufai, ko maƙera. Ku tambayi tsofaffi wa ya fara sarar garinku, kuma daga ina ya zo. Ku shirya kacici-kacici uku, ku kai wa malaminku. Ran karatu, ku ba mutanen ƙauyen da ke kusa da ku su nemo.