Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar da Za Ta Karanta Bugaggen Rubutun Hausa

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen kimiyyar kwamfuta. Ina so aikina na kammala digiri ya zama manhajar da za a nuna wa hoton shafin littafi, ta mayar da shi rubutun da za a iya gyarawa a kwamfuta. Wata shida gare ni. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Allah Ya yi maka albarka, ɗana, ka zaɓi aiki mai amfani.

Da farko, kada ka ce sai ka ƙera injin karatun daga tushe. Wata shida ba za ta ishe ka ba. Akwai Tesseract, wanda kamfanin HP ya fara a 1985, aka sake shi kyauta a 2005, Google kuma ya ɗauki nauyinsa a 2006. Yana karanta harsuna fiye da 100, har da Larabci da Yarbanci da Suwahili. Amma cikin jerin harsunan da yake zuwa da su babu Hausa. To, ka ga aikinka ke nan.

Gwada da kanka. Ba shi shafin Hausa, ka ce ya karanta da ma'aunin Turanci. Duk inda ya tarar da ɓ, ɗ ko ƙ sai ya yanke musu ƙugiya, ko ya ajiye wata alama daban. Sai ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Wanda bai san Hausa ba zai ce ai harafi ɗaya ne kawai, mu kuwa mun san ma'ana ce ta rushe gaba ɗaya. Kada ka manta da 'y irin ta 'ya'ya, wadda a Nijar ake rubuta ta ƴ. Manhajarka ta san duka biyun.

Maganin abin shi ne horarwa. Tun fitowar Tesseract 4 a 2018, injin yana koyo ne daga layi-layi: ka ba shi hoton layi guda, ka haɗa masa da rubutun layin daidai, wanda ka buga da hannunka. Nan ne wahalar take, nan ne kuma darajar aikin. Ɗalibai kan yi ɗokin ƙawata fuskar manhaja, su bar wannan sai ƙarshe. Ni shawarata ka ba shi rabin lokacinka. Ka tara layuka daga bugu iri-iri: littattafan makaranta, ƙananan littattafan hikaya da ake bugawa a Kano, da tsofaffin jaridu in ka samu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa nan garinku a 1939, takardarta ta tsufa, tawada ta dushe, ƙugiyar ƙ kan ɓace cikin datti. Injin da ya iya karanta irin wannan shafi ya ƙware.

Gyaran hoto kuwa ba shi da wuya. Da Python da OpenCV za ka miƙe shafin da ya karkace, ka mayar da shi fari da baƙi zalla. In da sikana ne, sa ta a 300 dpi. In da waya ce, nemi haske mai kyau, ka guji inuwar hannunka.

Sai awo. Ware wasu shafuka da injin bai taɓa gani ba, ka ƙirga kuskure nawa yake yi cikin kowane harafi 100, kafin horo da bayansa. Ka ƙirga na masu ƙugiya daban. Wannan lissafi ne hujjarka ranar kare aiki.

Ajami da rubutun hannu, bar su tukuna, fage ne mai zaman kansa. Littafin da marubucinsa ko mawallafinsa ke da haƙƙi a kansa kuma, kada ka watsa shi sai da izini.

Roƙona ɗaya: in ka gama, layukan nan da ka buga da hannu kada su mutu cikin kwamfutarka. Ka ajiye su a sashenku, domin ɗalibin da zai biyo bayanka ya ɗora daga inda ka tsaya. Allah Ya ba da sa'a.