Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Wasiƙa Ga Matasanmu Masu Shirin Tafiya Legas



Ƙannena da 'ya'yana, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da na tarar a dakalin ƙofar gidanmu bayan sallar isha'i, kwanaki kaɗan da gama girbi. Wani ɗan ƙanena ya dawo daga Legas, inda ya yi mako guda wajen bikin abokinsa. Samari sun kewaye shi yana nuna musu hotuna a waya: ga shi a bakin teku, ga shi cikin sabon jirgin ƙasan da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2, ga dogayen benaye na Victoria Island da dare ya yi fitilu suka kama. Kafin a watse, samari uku sun yanke shawara. Ɗaya zai sayar da raguna biyu ya yi kuɗin mota, ɗaya zai tafi da babur ɗinsa, na ukun har yana maganar jinginar da gonar gado. Na yi shiru a daren, domin abin da ya faɗa musu duk gaskiya ne. Sai dai gaskiyar baƙo ce, ni kuwa ina so ku ji ta mazauni.

Na fara taka Legas a 1991, ina ɗan shekara goma sha tara, na sauka wajen kawuna a Agege. A lokacin nan ne babban birnin Najeriya, don sai a watan Disambar shekarar aka koma Abuja. Kawu ya aro mota ya haura da ni gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, kusan kilomita 12 muna tafe a kan ruwa. Ya kai ni Bar Beach na ga teku a karon farko, ya nuna mini babban ɗakin wasanni na Iganmu da aka gina don bikin FESTAC na 1977. Kwana tara na yi, ban sa hannu a aljihu ba ko sau ɗaya. Na koma gida zuciyata na can.

A farkon 1993 na dawo da niyyar zama, kuma na zauna shekara 26 ina harkar albasa da tumatir a kasuwar Mile 12. A shekarata ta farko na gane yadda aka yi kwanakin nan tara suka yi mini daɗi. Ashe kawu rumfarsa ya bar wa yaro, ya ranci kuɗin mai, ya koma kwana kan tabarma ya bar mini katifa. Shi kansa rabonsa da ganin teku shekara shida kafin zuwana, alhali yana gari ɗaya da shi. Tun daga lokacin na riƙe wannan darasi: duk daɗin da baƙo ya ji a birni, akwai wanda ya biya kuɗinsa da gumi. Ranar da ka ajiye jaka ka ce ka zo zama, kai ne za ka fara biya.

Abu na farko da za ka biya shi ne makwanci. Mai ziyara ba ya tambayar kuɗin haya, ana shimfiɗa masa ne. Mai zama kuwa zai tarar da kuɗin shekara guda ake nema a dunƙule, ga na dillali, ga na rubuta yarjejeniya, ga na ajiya don gudun ɓarna, duk a kan ɗaki ɗaya a gidan da mutum ashirin ko fiye ke layin banɗaki guda da asuba. A da ma shekara biyu masu gidaje ke karɓa, har sai da gwamnatin jihar ta yi dokar haya a 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wannan ne ya sa yawancin yaranmu ba su da ɗaki. Suna kwana a barandar shago, ko harabar masallaci, ko kangon da ba a gama ba, ko kan buhunan kasuwa, ruwan sama ya sauko tun daga watan Afrilu ya hana su runtsawa. Unguwannin da talaka ke iya kama ɗaki kuma su ne bakin fadama da gefen layin dogo, inda ambaliya ke shiga, inda kuma katafila ke iya zuwa. Lokacin da na fara zuwa, ba a daɗe da rushe Maroko ba, a watan Yulin 1990, dubun dubatar mutane suka wayi gari babu matsuguni. Yau wurin na masu hannu da shuni ne, kuma yana cikin irin wuraren da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto.

Na biyu shi ne lokaci. Gadar nan da na haye da rana tsaka ranar Lahadi ina leƙen ruwa, na sake hayenta ranar Litinin da safe a cikin motar haya ta danfo, an matse mu kamar kifin gwangwani, tafiyar minti ashirin ta koma awa biyu. A Legas mai aiki a tsibiri da ke kwana a Agege ko Ikorodu yakan bar gida kafin kiran assalatu, ya yi sallar asuba a hanya, ya dawo yaransa sun yi barci. An kawo manyan motocin BRT a 2008, an kawo jiragen ƙasa a 'yan shekarun nan, sun rage wahala, amma jama'ar ta fi ƙarfin hanyoyin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka na abin da lebura ya samu a yini. A gida za ka iya wuni ba ka kashe ko kwabo ba, ka ci tuwo a gidan gwaggo, ka sha ruwan rijiya. A can ruwan wanka ma saye ake yi, kuma sau da yawa ɗan'uwanka ɗan ga-ruwa ne ke sayar maka.

Na uku shi ne sana'ar da ka ɗora rayuwarka a kai. Ina magana da kai musamman, ɗana mai shirin ɗora babur a tirela. Tun watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta taƙaita acaɓa a manyan hanyoyi da gadoji, sannan daga 1 ga Yunin 2022 ta haramta shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Bayan watanni uku ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama, niƙe shi ake yi. Na san samarin da suka karɓi babur bashi, aka kama shi kafin su biya rabin kuɗin, suka kasa komawa gida don kunya, suka kasa zama don babu abin yi. Inda acaɓa bai haramta ba ma, kafin ka ɗauki fasinja na farko ka yanki tikitin ƙungiya, 'yan tasha kuma na jiranka a kowace mahaɗa. Haka abin yake ga mai tallan kan titi da mai tura kura da ɗan jari-bola: sana'ar da doka ba ta tsaya mata ba, dare ɗaya ake shafe ta.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi a zuciyata, shi ne baƙunta. Watanni kaɗan da zamana aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, gari ya hargitse, na ga tashoshin mota cike da mutanen jihohi daban-daban suna neman hanyar gida. Na ga rikicin Idi-Araba a watan Fabrairun 2002. Ina cikin kasuwa a watan Maris na 2016 lokacin da ƙaramar rigima ta zama tarzoma a Mile 12, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwar, tumatir ya ruɓe a kwanduna muna kallo. Mai ziyara yana da tikitin komawa a aljihu, in ya ji ƙishin-ƙishin sai ya kama hanya. Mai zama yana da mata da yara da jari a wurin, kuma tsakaninsa da gida tafiyar kilomita kusan dubu ce. Amma ku riƙe wannan ma: a ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, maƙwabciyarmu Bayarbiya ce ta ɓoye iyalina a ɗakinta kwana biyu. Ta yi haka ne don shekara da shekaru muna gaisawa da harshenta, muna zuwa sunan jikokinta, tana aiko mana da abinci ranar Sallah. Abin da ka shuka a ranakun lafiya shi kake girba ranar tashin hankali.

Akwai kuma ciwo da kaɗaici, waɗanda ba sa fitowa a hoto. Zazzaɓi ya kwantar da kai kwana uku, babu mai dama maka kunu, kuma kwana ukun nan babu shigar ko sisi. A irin wannan halin ne yaro ke fara shan ƙwaya, wai don ya jure aiki, daga nan sallah ta fara kuɓuce masa, kiran gida ya koma sai an neme shi. A garinku idon dattawa na kanka ko ba ka so. A Legas babu wanda ya san ɗan wane ne kai, sai abin da ka taho da shi a zuci.

Kada ku ɗauka cewa nake kar ku je. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Legas ta yi mini riga da wando: a can na yi aure, na gina gida a garinmu, na sauke farali. Hausawa sun daɗe a can. Fataken goro sun kafa zango a Agege tun kakanni, layin dogo ya haɗa Kano da Legas tun wajen 1912, kuma har gobe akwai sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da kayan gwarin da ke ciyar da birnin, yawancinsu daga wajenmu suke zuwa. Nakan ji kuna kafa hujja da Alhaji Aliko Ɗangote, cewa ai shi ma Legas ya tafi. Haka ne, amma ya tafi da karatu, da jarin da kawunsa ya ranta masa, da sunan gidan Ɗantata da aka sani a fatauci tun zamanin Alhassan Ɗantata. Wato ya tafi da shiri. Shi nake roƙon ku yi, kowa daidai ƙarfinsa.

Ga abin da nake nufi da shiri. Kada ka tashi sai da maigida takamaimai, wanda mahaifinka ya yi magana da shi baki da baki, ya amsa cewa zai ba ka wurin kwana ya kuma tsaya maka. Ka tafi da sana'a a hannu, ɗinki ko walda ko gyaran waya ko gini ko fawa, domin mai sana'a ko an kore shi daga bakin titi yana tafiya da arzikinsa. Ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa, ka buɗe asusun banki, ka daina kwana da kuɗi a lalita. Ka koyi Yarbanci da Turancin buroka tun watannin farko, ka gaida dattawan unguwa yadda suke so a gaishe su, ka shiga ƙungiyar 'yan sana'arka, ka san sarkin Hausawan yankinka kafin ranar da za ka buƙace shi. Ka ware kuɗin motar komawa gida ka mance da su. Gona kuwa, kada ka sayar, kada ka jinginar. Birni na iya juya maka baya, ƙasar gado ba ta yi.

In kuma ka riga ka ziyarci Legas ta burge ka, sake komawa ka yi mata kallon mazauni kafin ka yanke hukunci. Ka je da damina, a tsakiyar mako. Ka bi mai masaukinka wurin aikinsa tun asuba, ka biya kuɗin motarka da na abincinka da kanka har kwana goma, kana rubuta duk abin da ya fita. Ka tambaye shi nawa ya rage masa a ƙarshen wata bayan haya da ci da aike gida, ka roƙe shi ya faɗa maka don Allah. Da yawa daga cikin masu dawowa ranar Sallah da sabuwar shadda da babbar waya, tanadin shekara ne suka sa a jiki, wasu ma bashi ne, domin babu mai son a ce ya je Kurmi ya dawo hannu rabbana. Ku kuma 'ya'yana mata da ake kwaɗaita wa auren mazaunin Legas, ku sa iyayenku su aika a gano ɗakin da za a ajiye ku kafin a sa rana.

Kakanninmu da suka fara ci-rani sun fi mu lissafi. Sai an kai amfanin gona rumbu suke tafiya, da manufa a zuci, kuɗin aure ko na garma ko na biyan haraji, kuma hadarin farko na haɗowa sun kamo hanyar gida. Sun ci birni, birni bai cinye su ba. Wanda zai yi ci-rani ya sa wa kansa wa'adi da adadi. Wanda zai zauna ya zauna da ƙafa biyu, ya nemi ɗaki da takarda da mutuncin maƙwabta. Wanda nake ji wa tsoro shi ne na tsakiya, wanda ya tafi don hoton da ya gani, shekara goma ta wuce bai zama ɗan gari ba bai kuma dawo gida ba.

Samarin nan uku na kira su washegari muka zauna. Mai raguna na haɗa shi da wani tsohon abokin kasuwancina, zai tafi bayan Sallah ya koyi harkar gwari a hannunsa. Mai babur ya fasa ɗora shi a tirela, yana koyon gyaran babura a nan gida tukuna. Mai gonar har yanzu muna kan magana, kuma saboda shi da ire-irensa na rubuta wannan wasiƙa. Allah ya yi muku jagora, ya sa in kun fita ku fita a sa'a, ku dawo ku tarar da iyayenku suna sa muku albarka.

Wassalam.

Naku,
Baffanku, tsohon mazaunin Agege