AWON JIN DAƊIN RAYUWAR MAI CIWON DAJI

Ciwon daji, watau sankara, yana daga cikin cututtuka masu cin dukiya. Kuɗin da kowace gwamnati take warewa domin kiwon lafiya kuwa yana da iyaka, saboda haka tilas a zaɓi maganin da ya fi amfanar jama'a. A dā, abin da aka fi dubawa shi ne tsawon kwanan da magani ya ƙara wa majinyaci. Amma shekara guda a kwance cikin azaba ba daidai take da shekara guda ana noma ana zuwa kasuwa ba.

Yadda Ake Awon

A 1948, wani likitan Amurka mai suna Karnofsky da abokan aikinsa suka fito da ma'auni daga 0 zuwa 100, likita ne yake cika shi. Daga baya masana suka gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai aka koma tambayar majinyacin da kansa. Takardar EQ-5D, wadda ta fito a Turai a 1990, tana tambaya a kan abu 5:

1. iya tafiya;
2. iya wanka da sa tufafi;
3. iya ayyukan yau da kullum;
4. zafin ciwo;
5. damuwa da baƙin ciki.

A 1993 aka fito da wata, QLQ-C30, mai tambaya 30, musamman domin masu ciwon daji. Ita har gajiya da amai da rashin barci da matsin kuɗi take tambaya.

Yadda Ake Lissafin

Cikakkiyar lafiya ana ba ta maki 1, mutuwa kuwa 0. Alal misali, a ce wani magani ya ƙara wa mutum wata 24, amma da rabin lafiya. Wannan daidai yake da wata 12 na cikakkiyar lafiya. Wani kuma ya ƙara wata 20 da kashi uku cikin huɗu na lafiya, watau wata 15 ke nan. Ashe na biyun ya fi, ko da yake kwanakinsa sun gaza. Daga nan sai a gwada wannan amfani da kuɗin kowanne. Da irin wannan lissafi hukumar NICE ta Ingila, wadda aka kafa a 1999, take shawarta magungunan da asibitocin gwamnati za su bayar.

Abin da Ake Bukata Daga Jama'a

A al'adarmu, ko mutum yana cikin tsanani, in aka gaishe shi sai ya ce, "Da sauƙi." Wannan hali ne nagari a wajen gaisuwa, amma ba a wajen cika takardar awo ba. Idan majinyata suka ɓoye zafin da suke ji, lissafin zai nuna magani ya fi yadda yake amfani, kuma ana iya kashe dukiyar jama'a inda bai kamata ba.

Saboda haka, duk wanda ma'aikacin asibiti ya yi wa waɗannan tambayoyi, ya faɗi gaskiyar abin da yake ji a ranar. 'Yan'uwa masu jinya kuma kada su amsa a madadinsa muddin yana iya magana.