Maganin Ciwon Sukari Daga Cikin Ƙasa

Tuwon dawa da fura da shinkafa da rogo ba su shiga jini yadda aka ci su. Sai waɗansu sinadarai na cikin hanji sun farfasa su tukuna, sun mai da su wani irin sukari da likitoci ke kira gulukos. Ga mai ciwon sukari nan wahalar take, gama da ya tashi daga akushi sai sukarin ya kwararo cikin jininsa gaba ɗaya.

A shekarun 1970 masanan kamfanin Bayer na Jamus suka sami wani magani daga wata halitta ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, sunanta Actinoplanes. Suka kira shi acarbose, aka fara sayar da shi can a 1990. Ya yi kama da abincin ƙwarai, saboda haka sinadaran nan su kan kama shi su riƙe, aikinsu ya yi nawa, sukari ya riƙa shiga jini kaɗan kaɗan. Shi ya sa a kan sha shi tare da lomar farko. Ba ya warkar da ciwon, kuma ya kan kawo kumburin ciki.

Abu guda ya wajaba hakimai da malamansu su sanar da talakawa. Wanda ke haɗa maganin nan da allurar insulin, in sukarinsa ya faɗi har ya kama gumi da makyarkyata, sukarin shayi ba zai taimake shi da sauri ba, domin maganin ya tare masa hanya. Gulukos za a ba shi, sa'an nan a kai shi asibiti.